Hantar da Ta Ɓace a Filin Jirgin Port Alder

Ranar Laraba da hantsi aka sace hanta a Port Alder. Hantar mutum ce, tana kan hanya daga Darwin zuwa Brisbane, inda wata mata mai 'ya'ya biyu take kwance a asibiti, an hana ta ci an hana ta sha, ana jiran a dasa mata ita.

Babu abin da ya haɗa hantar da garin sai ƙaddara. Injin jirgin da ya ɗauko ta ne ya fara tari a sama, direban ya sauka a ɗan filinmu na bakin teku. Likitar da ke rakiya da ma'aikaciyar jinyarta suka gangaro da na'urar da hantar take ciki zuwa ɗakin jira, suka jona ta da wuta. Ana nan sai direban, wanda ya hau tsani yana leƙen injin can ƙarshen fili, ya zame ya fasa kai. Likita kuwa in ta ga jini ba ta tsayawa lissafi. Su biyun suka ruga, suka ɗinke shi, da likitar ta dawo bayan minti ashirin sai ta tarar da soket a bango, babu na'ura.

Sai da aka ɓata sa'a guda da rabi ana kai-kawo kafin Sajan Pryor ya tuna da Gwaggo Dulcie. Ya same ta a baranda, ƙafafunta a kan bokiti, tana tsoma burodi a shayi. Shekararta sittin da huɗu. Ubanta ya bi wa 'yan sanda sawu har ya tsufa, ita kuma ta yi shekara talatin tana gadin daji kafin ta ajiye aiki. Tun daga nan ba ta rasa komai ba a duniya: ga inuwa, ga kifi, ga maƙwabtan da za ta zolaya.

"Gwaggo, taimako nake nema," in ji Sajan yana haki.

"Yaushe abin ya faru?"

"Wajen tara da rabi."

Ta dubi rana, ta dube shi. "Kuma ka bar mutanen gari sun shiga filin?"

Sajan ya sosa ƙeya. Watansa bakwai kacal a garin, har yanzu wuyansa saɓa yake yi saboda rana.

"Wato sun tattake min takardar da zan karanta," in ji ta. Ta kwankwaɗe shayin, ta zura silifas. "Mu je, ɗana."

* * *

Rabin gari yana filin. Ranar Laraba ce jirgin wasiƙu ke zuwa ya kwashi ƙaguwa, don haka da ma akwai jama'a, sauran kuma labari ya kawo su. Ƙasar da ke gaban ɗakin jira ta zama kamar turken awaki. Abin haushin ma, kusan kowa farin takalmin roba ne a ƙafarsa, daga shago guda aka saye su.

Mai shagon, Maureen, ita ce a tsakiya tana rarraba labari. "Likita ta ce da ɗumi ake riƙe ta. In ta huce na minti goma, shike nan, matar ta mutu. Wanda ya ɗauka kuwa kisan kai ya yi, shekara ashirin zai ci." Likita ba ta ce minti goma ba, kuma babu wanda ya ambaci shekara ashirin. Amma Maureen ba ta taɓa barin labari ya fita daga bakinta babu gishiri ba.

Likitar, Marguerite Oakes, tana tsaye da waya a kunne, jinin direban jirgi a hannun rigarta. Da Sajan ya gabatar da Dulcie sai ta yi mata kallon da baƙi suka saba yi mata, daga silifas zuwa furfura.

"Yaya girman abin?" in ji Dulcie.

"Kamar ƙaramin firiji, mai taya huɗu. Da can a ƙanƙara ake ɗaukar hanta. Wannan na'urar tana zagaya mata da jini mai ɗumi, kamar tana jikin mai ita, shi ya sa take jure doguwar tafiya. In an zare ta daga wuta, batir ɗinta awa huɗu yake yi."

"Saura biyu da 'yan mintoci ke nan."

"An turo wani jirgin, yana hanya," in ji likitar. "Amma me zan saka a ciki?"

Motoci uku ne suka shiga ƙofar filin da safen nan, Sajan kuma ya tsare masu su. Dulcie ta ce a fara da wanda gari ya riga ya yanke wa hukunci.

* * *

Darcy Holt ɗan gwangwan ne. Shekara goma sha biyar da suka wuce ya saci injin kwalekwale ya yi wata takwas a gidan yari, tun daga ranar ko cokali ya ɓace a Port Alder sai an waiwayi gidansa. Yana jingine da a-kori-kurarsa, hannu a harɗe.

"Me ya kawo ka, Darcy?" in ji Dulcie.

"Tsofaffin durom na zo kwashewa, Gwaggo. Hukumar gari ce ta ce in zo."

"Kuma mene ne wancan a ƙarƙashin tampol?" in ji Sajan, idonsa yana ƙyalli. Abu ne mai kusurwa huɗu, daidai girman da likita ta faɗa.

"Ka buɗe mana, ai kai ne hukuma."

Jama'a suka matso. Sajan ya fizge tampol da ƙarfi, sai ga tsohon injin wanki, tsatsa ta cinye gindinsa, har da gidan zanzaro a ƙofar. Wani ya tuntsire da dariya. Maureen ta ce ai ɓarawon da ya san aikinsa ba ya yawo da kayan sata, a je a bincike gidansa.

Dulcie ta zagaya motar tana duban ƙasa. Tayar baya ta hagu ta suɗe, sawunta a fili yake: daga ƙofa zuwa wurin durom, daga nan zuwa inda take tsaye. Ba ta je kusa da ɗakin jira ba.

"Ba ka karya ba ko?" ta tambaye shi.

"Wa zai iya cin abinci ana kiransa mai kisan kai?"

Ta ciro ragowar burodinta daga aljihu ta miƙa masa. Ya karɓa ya kai baki.

Ta biyu ita ce Sokha Prak, wadda ita da mijinta suka fi shekara ashirin suna kamun ƙaguwa a bakin rafi. Laifinta a wurin jama'a shi ne an ga motarta ta fita ta dawo.

"E, na fita," in ji Sokha, hannu a ƙugu. "Akwatuna huɗu motata take ɗauka, ni kuma bakwai gare ni. A ka zan ɗauko sauran? Yaya Dulcie, ki gaya wa yaron nan, in jirgin wasiƙu ya tashi babu ƙaguwata, shi zai cinye ta duka, ɗanya."

"Da kika fita, kin ga motar Vern a nan?"

Sokha ta ɗaga kafaɗa. "Na ga akwatunansa. Motar kam ban lura ba. Wa yake lura da Vern? Kamar ki ce in lura da tankin ruwa."

Gaskiya ta faɗa. Vern Mulcahy shi ke riƙe da makullin ƙofar filin, shi ke korar dabbobi daga hanyar jirgi, shi ake tasa in wani ya maƙale a laka. Sajan ma don cika ƙa'ida ya tsare shi. Shi da Dulcie tun suna 'yan firamare suke tsokanar juna, ba su taɓa haɗuwa ba tare da ɗaya ya ci fuskar ɗaya ba. Ta same shi zaune a kan dutse, hula a gwiwa.

"Tsoho mai warin koto," in ji ta, "yau kai ma ka shiga sahun ɓarayi?"

"Haka ne," in ji Vern.

Ta jira ya rama, bai rama ba. Sai ya ɗago kai ya dubi Sajan. "Ɗana, ka bar ni in je bakin rafi in dawo. Ruwa na janyewa, kwalekwalena zai zauna a laka."

"Kawu, karo na uku ke nan kana tambaya. Ka yi haƙuri, babu mai fita."

Vern ya mayar da kai ƙasa. Dulcie ta ɗauka zafin rana ne, ta wuce. Daga baya ta sha cewa wannan ce wautar da ta yi a ranar, don ta ci mata kusan rabin sa'a.

* * *

Sajan ya tafi da mutum biyu binciken gidan Darcy, don Maureen ba za ta bar shi ya sha iska ba. Dulcie kuwa ta bar gaban ɗakin jira da tattakakkiyar ƙasarsa, ta zagaya baya. Akwai wata ƙaramar ƙofa a can wadda masu kaya suke bi. 'Yan kallo ba su zo nan ba, don babu abin kallo.

Sawun yana nan kwance a jar ƙasa, tsaf kamar an zana. Layi biyu na ƙananan tayoyi, da takalmin roba a tsakaninsu.

Ta tsuguna, gwiwoyinta suna ƙara. Nan ne take jin daɗin duniya, ita da ƙasa, babu mai sa baki. Takun gajere ne, ɗaya kusa da ɗaya, mai shi bai yi gudu ba. Motoci suna tsayawa ne taku talatin daga ƙofar in aka miƙe, amma sawun bai miƙe ba. Ya bi jikin bango, inda inuwa take da hantsi, har ƙarshensa. Da ya iso wani ɗan rami sai ya zagaye shi. A wani wuri ma mutumin ya tsaya ya kawar da dutse da gefen ƙafa kafin ya tura. Ta bi sawun ɓarayi da yawa a rayuwarta, ba ta taɓa ganin wanda yake lallaɓa kayan sata kamar mai tura jariri ba.

Daga inda inuwa ta ƙare sai ta ga wani abu. A gefe da gefen layin tayoyin akwai 'yan ɗige-ɗige, a jere, har zuwa tsakuwar da sawun ya ɓace a kai. Ruwa ne ya ɗiga ya bushe, kowane ɗigo da farin zobe a bakinsa. Ta dangwala yatsa ta kai harshe. Gishiri.

Ta miƙe a hankali. Na'urar likita ba ta zubar da ruwan teku. An lulluɓe ta ne da jiƙaƙƙen buhu, irin yadda duk mai kamun ƙaguwa yake rufe kamunsa don kada zafi ya kashe shi a hanya.

Ta koma inda aka jere akwatunan da ke jiran jirgin wasiƙu. Na Sokha bakwai, kowanne da buhun algarara a jiƙe. Na Vern uku. Biyu a rufe, na ukun a buɗe, ƙaguwa a ciki suna kumfa a baki, wasu sun daina motsi. Shekara hamsin Vern yana wannan sana'a. Ya taɓa fasa zuwa bikin ƙanwarsa saboda buhunansa sun bushe.

Tausayi ya kama ta, haushi ya biyo baya. Ta san halinsa sarai: in ta je ta nuna shi da yatsa zai ƙulle baki kamar an sa masa kwado, sai an yi sa'a guda ana fama. Kuma a gaban jama'a aka zagi Darcy, a gabansu ya kamata a wanke shi.

* * *

Sajan ya dawo hannu rabbana, ta sa ya tara su a ɗakin jira: Darcy, Sokha, Vern, da likita. Sauran gari suka cika tagogi, Maureen a ta tsakiya.

"Ba ɓarawo muke nema ba," in ji Dulcie. "Wani ne ya shigo nan ya ga akwati an rubuta sassan jikin mutum a kai, babu kowa a kusa. Ya taɓa ya ji ɗumi. Mu nan, Likita, duk abin da yake nama ne, in muka taɓa muka ji ɗumi, ba ma tsayawa tambaya. Sanyaya shi muke fara yi, a yi magana daga baya. Wanda bai koyi wannan ba a garin nan ya daɗe da barin sana'a."

Likita ta dafe baki. "Kina nufin..."

"Tambaya ɗaya zan yi miki, ki ɗaga murya kowa ya ji, har da masu ƙarin gishiri. In an saka na'urar nan a ɗakin sanyi tun ɗazu, hantar ta mutu?"

"A'a!" in ji likitar. "Wa ya ce haka? Na'urar tana ɗumama jinin da kanta, za ta yi ta kokawa da sanyin. Illa dai batir zai ƙare da wuri." Ta dubi agogo, fuskarta ta canza. "In haka ne, ba sa'a ɗaya ta rage mana ba. Watakila minti ashirin."

Kujera ta faɗi. Vern ne ya miƙe.

"Tana kwantenar sanyi da nake ajiye koton ƙaguwa," in ji shi. "Zafi digiri talatin da bakwai na gani a gilashin, na ce firijin ya lalace. Na yi kira, babu kowa. Da na dawo in gaya musu sai na ji ana cewa minti goma, ni kuwa ta fi rabin sa'a a ciki. Na ɗauka na riga na kashe ta."

Kwantenar Vern tana can bakin rafi, tafiyar minti ashirin da biyar ce a mugunyar hanya.

Sokha ce ta fara motsi. Ta fita da gudu zuwa motarta ta fizgo bakin oba-oba ta kira mijinta. "Chhay! Chhay, ajiye abin da kake yi! Je ka kwantenar Vern yanzu, akwai akwati mai taya, fito da shi ka jona a janareta!" Ta leƙo. "Vern, ina makulli?"

"Ƙarƙashin jar jarka."

"Ƙarƙashin jar jarka! In ba ka gani ba, fasa ƙofar, shi ya jawo!"

Darcy ya riga ya tayar da a-kori-kurarsa. "Likita, shigo. Motar Sajan ba za ta haye lakar nan ba." Dulcie ta shiga tsakiya, Vern ya haye baya ya rungume injin wanki.

Dulcie ba ta taɓa ganin tuƙi irin na ranar ba, ba ta kuma fatan sakewa. Sau biyu kanta ya bugi rufin mota. Suna tsakiyar hanya oba-obar Darcy ta yi ƙara, muryar Chhay mijin Sokha ta fito: ya fito da akwatin, ya jona, yana ta kuka kamar tsuntsu amma wata jar fitila ta koma kore. Likita ta rufe ido.

* * *

Sun tarar da na'urar a inuwar rumfa, raɓar sanyi tana gangara a jikinta, Chhay yana gadinta da itacen tuƙi kamar wani zai ƙwace. Likita ta durƙusa ta share gilashin da hannun riga, ta daɗe tana karanta lambobi.

"Batir ya kusa ƙarewa ƙaf," in ji ta. "Ɗumin ya ɗan sauka, amma bai faɗi ba. Saura abu ɗaya." Ta nuna wani siririn bututu da ya fito daga gefen akwatin ya shiga 'yar kwalba. "Hanta mai rai tana yin ruwan matsarmama. In ya ɗigo, tana aiki."

Su biyar suka sunkuya a kan kwalbar. Janareta yana ta ruri, sauro yana cin ƙafafunsu, babu wanda ya kore shi. A bakin bututun wani ɗan ruwa mai ruwan zuma ya taru, ya kumbura, ya yi kamar ba zai sauka ba, sannan ya ɗiga.

Likita ta zauna daɓas a laka tana dariya, hawaye yana zuba. Chhay ya tambaya ko yanzu zai iya komawa wajen tarkunansa.

Ƙarfe ɗaya da rabi jirgin da aka turo ya tashi da hantar. A hanyar komawa Sajan ya tambayi Dulcie me zai rubuta.

"Rubuta cewa kaya sun ɓata an gan su," in ji ta. Ta juya wajen Vern. "Ɗaukar da ka yi, ko ni ce zan iya yi. Amma ka zauna a kan dutse kana ji ana ce wa Darcy mai kisan kai, har aka je aka birkice masa gida. Wannan kam Sajan ba shi da takardar da zai rubuta shi. Kai ka san inda za ka kai shi."

* * *

Ranar Juma'a da safe likita ta bugo ofishin 'yan sanda, Sajan ya kawo wa Dulcie saƙon har baranda. Ta nemi Vern a gida ba ta same shi ba, bakin rafi ma ba ya nan. A ƙofar filin gwangwan na Darcy ta gan shi, tsaye a rana, hula a hannu. Daga sawunsa ta gane ya daɗe a wurin: ya je bakin ƙofa ya juyo ya fi sau biyar. Darcy yana ciki yana kwance wani inji, ya ba shi baya, sarai ya san da shi.

"Matar ta farka," in ji Dulcie, yadda duka biyun za su ji. "Ta sha ruwa, ta ce a kawo mata 'ya'yanta."

Vern ya kama ƙarfen ƙofar don kada ya faɗi.

Darcy ya ajiye sifana. Ya dube shi, sannan ya jawo wata tsohuwar kujerar mota daga cikin tarkace, ya kakkaɓe ta, ya dire a bayansa.

"Zauna, tsoho," in ji shi, "kafin ka faɗi a ce ni na ture ka."